Gidan John Mayall: wane ne gwanin gita a cikin yaransa?

Duk wanda ya taɓa zama wurin wasan goge a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, ya san cewa masu ƙwarya suna iya yin yawa, amma kunnen jama'a yana wurin mutum ɗaya ne, wato mai goge. Shi ke ɗauko take, shi ke sauya shi, kuma idan hannunsa ya yi sanyi, kome ƙarfin ƙwarya wasa ya mutu. Da gitar Turawa ta shigo ƙasar nan, aka kafa ƙungiyoyin kiɗan zamani waɗanda ake kira orkes, irin su Akazama ta Dogon Dutsi da Azna ta Tawa, sai wannan matsayi ya koma hannun mai gitar gaba, wanda makaɗan ke kira mai solo. Tun daga lokacin kuwa kowace ƙungiya ta san ciwo guda: ranar da yaron da ke riƙe da gitar gaba ya gwanance, ranar ce ake fara jiran tafiyarsa, ko dai Yamai ta janye shi, ko wata ƙungiya mai gwaɓi, ko kuma ya ga lokaci ya yi da zai ci gashin kansa.

Wannan ciwo ba na Arewa kaɗai ba ne. A ƙasar Ingila an yi wani mutum wanda ya shekara kusan 60 yana fama da shi, bai kuwa taɓa barin gidansa ya rushe ba. Sunansa John Mayall, ƙungiyarsa kuma Bluesbreakers. Ya rasu ran 22 ga Yuli 2024 a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, yana da shekara 90 a duniya. Har yau, duk inda masu son kiɗan bulus suka haɗu, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce: a cikin masu gitar da suka ratsa gidan Mayall, wane ne ya fi? Filin wannan mako zai auna su ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin labarinsu akwai abin da ya shafi mai kanti da yaransa, da shugaban ma'aikata da ƙananan ma'aikatansa.

Maigidan da kansa

Bulus kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. A gonakin auduga na kudancin ƙasar ya tsiro, sa'an nan ya bi ƴan ci-rani zuwa birnin Shikago, inda aka haɗa gita da lantarki. Bayan yaƙin duniya na biyu fayafayan wannan kiɗa suka riƙa isa Ingila, samarin Turawa suka kamu da sonsa, suna kwana suna kwaikwayon irin su Muddy Waters da B.B. King da Freddie King.

An haifi Mayall ran 29 ga Nuwamba 1933 a garin Macclesfield, kusa da Mancesta. Ya yi aikin soja a Koriya, ya yi karatun zane, sai a 1963, yana dab da shekara 30, ya sauko Landan ya kafa ƙungiyarsa. Ya girmi yawancin yaransa da shekara goma ko fiye. Yana waƙa, yana kaɗa piyano, yana busa ƴar sarewar baki, yana taɓa gita. Amma ko masoyansa ba su ce ya fi kowa murya ko hannu ba. Baiwarsa a kunne take. Yakan ji yaro sau ɗaya ya san abin da zai zama nan gaba. Yana kuma da horo: ya sallami mai ganga Mick Fleetwood saboda shan giya, ya kuma sha korar John McVie, mai babbar gita, a kan wannan laifi, yana maido shi.

Eric Clapton: wanda ya buɗe ƙofa

Kafin Clapton an yi wasu masu gita, kamar Roger Dean wanda ke cikin faifan farko na 1965, amma da zuwan Clapton ne sunan gidan ya fita. An haife shi a 1945. A watan Maris na 1965 ya bar ƙungiyar Yardbirds domin yana ganin ta saki bulus ta kama kiɗan neman kasuwa. A watan Afrilu Mayall ya ɗauke shi. Bai tsaya ga ba shi aiki ba, har ɗaki ya ba shi a cikin gidansa, ya buɗe masa tarin fayafayan da ya daɗe yana tarawa. Yaron ya zauna yana saurare yana koyo dare da rana.

Amma Clapton ba mai zama wuri ɗaya ba ne. A watan Agusta na shekarar ya tattara ya tafi yawon kiɗa ƙasar Girka tare da abokansa, ya bar maigida da neman wanda zai toshe gurbi. Da tafiyar ta watse ya komo a Nuwamba, Mayall ya karɓe shi ba tare da dogon zance ba. A Yuli 1966 aka fitar da faifan da ke ɗauke da sunayensu su biyu, wanda kamfanin Decca ya buga, ya kai matsayi na 6 a jerin fayafayan da aka fi saye a Ingila. Abin da ya girgiza mutane shi ne sautin: gita ƙirar Gibson Les Paul da aka haɗa da akwatin ƙara sauti na Marshall, aka buɗe shi har ƙarshe, ta yadda tsirkiya ɗaya za ta yi ta kuka ba ta yanke ba. Masu aikin ɗaukar murya sun so a rage, ya ƙi. Daga wannan faifai ne dubban samari suka koyi yadda gitar gaba za ta yi magana. Sonsa ya kai wasu ga wauta, har suna rubuta sunansa a bangon Landan suna ba shi matsayin da bai dace da ɗan Adam ba.

Faifan bai gama shiga kasuwa ba, sai ga shi mai gitar ya riga ya fita. Ya haɗu da Jack Bruce, wanda shi ma ya taɓa zama gidan Mayall, da mai ganga Ginger Baker, suka kafa Cream. Wannan Baker shi ne wanda ya ratsa Sahara da mota a 1971 ya sauka Nijeriya, ya yi aiki da Fela Kuti a Legas. Duka-duka zaman Clapton a gidan bai wuce wata 15 ba, har da watannin da ya yi a Girka.

Masu son Clapton suna da hujja mai ƙarfi: shi ya fara, na baya duk a kan sawunsa suka taka. Masu sukarsa kuma ba su manta da daren watan Agusta 1976 ba, lokacin da ya tsaya a dandali a birnin Bamingam cikin maye ya zagi baƙi da baƙaƙen fata mazauna Ingila, alhali da kiɗan baƙar fata ya yi suna ya yi dukiya. Daga baya ya nuna nadama, amma magana zarar bunu ce.

Peter Green: mai ƙaramin hannu, mai nisan sauti

Wanda ya gaje shi yaro ne ɗan talakawan gabashin Landan, haifaffen 1946, wanda ya taɓa riƙe gurbin na ƴan kwanaki lokacin tafiyar Girka. Mike Vernon, wanda ke kula da ɗaukar fayafayan, ya sha ba da labarin ranar da ya ga ƙungiyar ta shigo babu Clapton, ya tambaya cikin damuwa, Mayall ya shaida masa cewa ya samo wanda zai fi shi, in ba yau ba, to nan da shekara biyu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Da farko Green ya sha wuya, domin ƴan kallo sukan yi ihu suna neman a maido musu gwaninsu. Bai yi ƙoƙarin fin Clapton gudun yatsu ba. Sai ya bi wata hanya: ya rage yawan bugu, ya bar fili tsakanin sauti da sauti, ya riƙe tsirkiya ɗaya tana rawa har sai ta ratsa mai saurare. A faifan A Hard Road na Fabrairu 1967 akwai wani kiɗa nasa marar waƙa mai suna The Supernatural. Duk wanda ya saba da goge, in ya ji shi zai gane inda aka dosa, domin jan sautin ya fi kama da na izga a kan tsirkiya. B.B. King da kansa ya yaba daɗin sautin wannan yaro fiye da na sauran samarin Ingila.

Shi ma shekara guda ya yi. Abin lura shi ne yadda ya fita. Mayall ne ya ba shi kyautar lokaci a ɗakin ɗaukar murya, ya shiga tare da Fleetwood da McVie suka gwada kansu, suka ɗauki wani kiɗa da ya laƙaba wa sunayen abokan nan biyu. Daga nan ƙungiyar Fleetwood Mac ta samo asali a 1967. Ba a daɗe ba McVie, wanda ke tare da Mayall tun 1963, ya bi su. Wato maigida da hannunsa ya ba da jarin da aka buɗe kantin da zai yi gasa da nasa. Green ya tsara Black Magic Woman a 1968, wadda Santana ya sake yi a 1970 ta game duniya, har ta iso rediyoyin ƙasashen nan. Albatross kuma ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a farkon 1969.

Ƙarshen labarin ba daɗi. Ƙwayoyi da taɓin hankali suka haɗu a kansa, ya bar ƙungiyar da ya kafa a Mayu 1970, ya yi shekaru yana shiga asibiti yana fita. Ya komo dandali a ƙarshen shekarun 1990, amma hannun bai koma yadda yake ba. Ya rasu a Yuli 2020.

Mick Taylor: ɗan auta

Na uku ya shigo ta wata hanya mai ban mamaki. Wani dare a 1966 ƙungiyar ta je wasa a wani gari arewa da Landan, Clapton bai zo ba. Sai wani yaro daga cikin ƴan kallo, haifaffen Janairu 1949, ya je wurin Mayall ya ce ya san kiɗan duka, a ba shi gita. Aka ba shi, ya yi, ya tafi abinsa. Bayan shekara guda, da Green ya fita, Mayall ya tuna da shi, ya neme shi, ya ɗauke shi yana ɗan shekara 18.

Taylor mutum ne mai kunya, ba ya tsalle ba ya rawa, yakan tsaya cik kamar an dasa shi. Amma a tsabtar hannu da jeren sauti babu kamarsa a cikin ukun. Ya kuma ƙware wajen zura ƴar kwalba ko ɗan ƙarfe a yatsa yana jan ta a kan tsirkiya. Ya fi na gabansa daɗewa, shekara biyu, ya shiga fayafayan Crusade na 1967, da Bare Wires da Blues from Laurel Canyon na 1968. A Yuni 1969, da ƙungiyar Rolling Stones ke neman wanda zai maye gurbin Brian Jones, Mayall ne da bakinsa ya ba Mick Jagger sunan yaronsa. Ran 5 ga Yuli Taylor ya tsaya gaban dubban ɗaruruwan mutane a filin Hyde Park. Ya zauna da su har Disamba 1974, kuma da yawa cikin masu son ƙungiyar suna ganin shekarun nan biyar su ne mafi kyau a tarihinta.

Ma'auni ɗaya ga mutum uku

Gardama ba ta ƙarewa in kowa da mudunsa. Sai dai a nan an yi sa'a, domin kowane ɗaya cikin ukun, a faifansa na farko a gidan Mayall, ya kaɗa wani kiɗa marar waƙa na Freddie King, baƙar fata ɗan jihar Tegzas. Clapton ya yi Hideaway, Green ya yi The Stumble, Taylor ya yi Driving Sideways. Maigida ɗaya, kamfani ɗaya, cikin abin da bai kai shekara biyu ba. Wanda ya jera su ya saurara zai ji bambancin a fili. Clapton yana afka wa kiɗan kamar ɗan kokowar da ya shigo fili da niyyar kayarwa tun karon farko. Taylor yana bin sa daki-daki, kamar magatakarda mai kyan rubutu wanda ba ya goge ko harafi ɗaya. Green kuwa yana wasa da shi, ya matsa, ya saki, ya yi shiru inda ake zaton zai yi magana.

In don tasiri ne, Clapton ke gaba, babu ja. In don tsabta ne, Taylor. Amma in ana maganar abin da bulus ya zo yi a duniya, wato ya faɗi abin da ke cikin zuciya wanda baki ya kasa faɗa, to hukuncin wannan fili ya faɗa kan Peter Green. Mutanen Arewa ba sa auna mai goge da saurin hannu. Suna auna shi da ko ya iya sa tsigar jiki ta tashi. Da wannan mudu aka auna.

Waɗanda ba a cika ambata ba

Yawancin masu gardama a nan suke tsayawa, kamar gidan ya rufe a 1969, alhali ya ƙara fiye da shekara 50 bayan haka. Da Taylor ya tafi, Mayall bai nemi na huɗu irinsu ba. Ya ajiye ganga gaba ɗaya, ya ajiye gitar gaba mai lantarki, ya ɗauki mai gitar katako da mai busa, ya yi faifan The Turning Point wanda ya zama cikin waɗanda suka fi karɓuwa a duk aikinsa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ya koma Kalifoniya da zama, ya yi aiki da Harvey Mandel da mai gogen Turawa Sugarcane Harris a 1970, sa'an nan da Freddy Robinson, baƙar fata wanda ya goge a Shikago, wanda daga baya ya musulunta ya koma Abu Talib. A 1979 gobara ta cinye gidansa da tarin kayan tarihin da ke ciki. Bai daina ba.

A 1984 ya sake tayar da sunan Bluesbreakers. A wannan zubi ne aka sami Coco Montoya, bahago, wanda da can mai ganga ne a wurin Albert Collins kuma a hannunsa ya koyi gita. Ya shekara kusan goma. Aka sami Walter Trout, mai zafin hannu, wanda ya sha faɗa da bakinsa cewa Mayall ya yi haƙuri da shi a lokacin da shaye-shaye ya kusa halaka shi. Ya fita a 1989 ya kafa tasa ƙungiya. Sai Buddy Whittington ɗan Tegzas, wanda ya riƙe gitar gaba daga 1993 har 2008, shekara 15 cur, wato ya ninka zaman Clapton da Green da Taylor a haɗe fiye da sau uku. A bikin cikar Mayall shekara 70 da aka yi a Libaful a 2003, Clapton da Taylor sun komo sun hau dandali, Whittington ya tsaya tsakaninsu bai ji kunya ba. Bayansa Rocky Athas ya karɓa a 2009. A 2018 kuma, yana da shekara 84, tsohon ya ɗauki Carolyn Wonderland, mace ta farko da ta riƙe wannan matsayi a gidansa. Tana tare da shi har ya daina yawon wasa a 2022.

Waɗannan ba su da sunan na farko, ba su kuma tara dukiyarsu ba. Amma su ne suka cika alkawarin dare dubbai a garuruwa manya da ƙanana, suka sa albashi ya fita. Kowane ofis yana da irinsu: ma'aikacin da aka kawo shi gunduma tun yana saurayi, shugabanni suka zo suka wuce, shi ne ya san inda kowace takarda take, kuma ba a taɓa kiran sunansa ranar biki ba.

Abin da ya rage ga mai kanti da mai ofis

Ɗan kasuwar da ke tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ya san yadda ake riƙon yaro: a koya masa awo da lissafi, a nuna masa abokan ciniki, in ya kawo ƙarfi a sallame shi da jari. Wannan ita ce tsohuwar al'ada. Amma an san kuma irin maigidan da ke ɓoye wa yaro sirrin sana'a don kada ya tashi, ko ya bi shi da ɓatanci in ya tashi. Da irin shugaban da ke danne takardar ƙaramin ma'aikaci don kada a ɗauke masa shi. Irin wannan gida yakan riƙe yaransa, amma ragwaye kaɗai ke saura a cikinsa, domin mai hazaƙa ba ya shiga ɗakin da ya ga ba shi da ƙofar fita.

Mayall ya yi akasin haka, kuma lissafinsa ya fita. Tun da aka ga inda Clapton da Green da Taylor suka kai, duk wani yaro mai hannu a Ingila da Amurka ya riƙa fatar a kira shi gidan. Tafiyar gwani ɗaya ita ce ta jawo na gaba. Bai yi kuɗin da yaransa suka yi ba, amma ya fitar da fayafai masu yawan gaske, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 2005, kuma a shekarar rasuwarsa aka shigar da sunansa zauren tunawa da manyan makaɗa na Amurka, inda yaransa da dama suka riga shi shiga.

Ƙasar nan ba ta rasa masu gita ba. Bombino ɗan Agadas da Mdou Moctar ɗan jihar Tawa sun kai sunan Nijar manyan dandalin Turai da Amurka, kuma babu ɗayansu da ya faɗo daga sama: kowane ya fara ne da kallon hannun wani. Abin da ya fi wuyar samu shi ne gidan da zai daɗe yana karɓar yara yana yaye su, ba ya mutuwa da tafiyar mutum guda. Wanda ke da tsohuwar kasat ɗin Akazama a cikin akwati, ko yake da ɗan saurayi a gida mai haɗa gita da gwangwani da wayar birki, ya san gwanaye ba su ƙare ba a ƙasar Arewa. Masu kunnen da za su gane su tun suna ƙanana, da zuciyar da za ta sake su in sun girma, su ake nema.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.